Uwa da Gudun Dogon Zango a Kaduna: Daga Tattakin Bayan Arba'in Zuwa Kilomita 21

Duk wadda ta taɓa bi ta wajen Dandalin Murtala da sanyin safiyar Asabar ta ga irinsu: mata biyu-biyu, uku-uku, wata da hijabi har gwiwa, wata da hular hana-salla, suna sassarfa suna hira kamar masu dawowa daga gidan suna. Na cikin Keke Napep zai leƙo ya ce ai wannan ba gudu ba ne, wasa ne. Bai sani ba, wannan hirar ita ce ma'aunin aikin. Gudun da za ki iya yi kina ba ta kusa da ke labari ba tare da numfashi ya tsinke miki ba, shi ne gudun da ke gina zuciya da huhu, shi ne kuma wanda zai kai ki kilomita 21 ba tare da ya kwantar da ke ba. Duk abin da ke cikin wannan jagora a kan wannan ma'auni aka ɗora shi.

Jikin da ya haihu ba a yi masa gaggawa

Kammala wankan jego ba shi ne izinin fara gudu ba. Ranar arba'in jini ya ɗauke, ɗinki ya kame daga waje, amma tsokokin ƙasan mara da suka tallafe mahaifa da mafitsara har wata tara ba su gama komawa ba. A kowane taku na gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinki, kuma waɗannan tsokoki na cikin masu karɓarsa. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin fisiyo na Birtaniya, wato masu gyaran jiki da atisaye, suka fitar a 2019 ta ce kada a fara gudu kafin mako 12 da haihuwa, ko da kanki kika haihu ko aiki aka yi miki. Wadda aka yi wa aiki, ko aka yi wa ƙari mai yawa, sai likita ya duba ta ya ce ta fara.

Akwai wata magana da ta shafe mu nan Arewa fiye da wasu wurare. Ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa, har suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Alamominsa su ne haki a kan ɗan aiki kaɗan, kumburin ƙafa, tari da dare, da kasa kwanciya sai an tara matasai. Mai jin ɗaya daga cikin waɗannan ba motsa jiki take buƙata ba, asibiti take buƙata, a yau. Ko lafiyarki lau kike ji, ki je a auna hawan jini, a yi miki gwajin yawan jini da ake kira PCV. Idan ya gaza 36, jininki bai cika ba, kuma mai ƙarancin jini komai naci ba za ta ji daɗin gudu ba: haki ne zai tare ta tun a minti na uku ta ɗauka ragwanci ne.

Makonni 12 ɗin nan ba na zama ba ne. Tun kwanakin farko za ki iya fara matse tsokokin ƙasan mara: ki kwanta, ki matse kamar mai riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ɗaga su sama, ki riƙe na daƙiƙa 5, ki saki gaba ɗaya. Sau 10, sau uku a rana, a hankali ki kai riƙon zuwa daƙiƙa 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi ko matse cinyoyi da ɗuwawu a maimakon wurin da ake nufi. Lokacin shayarwa ya dace da wannan, tunda dama zaune kike. Daga mako na shida sai tattaki: minti 10 a layinku, ana ƙara minti 5 duk mako har ki kai minti 30 da sauri. In jini ya dawo ja bayan ya ɗauke, kin yi yawa, ki dakata ki nemi shawarar asibiti.

Wadda autanta ya shiga firamare, ba ta kuma taɓa gudu ba tun tseren makaranta, za ta tsallake jiran, amma ba za ta tsallake gwajin da ke tafe ba. Haihuwa shida ta bar alamarta ko da shekara goma ta wuce.

Gwajin tsakar gida

Ki zaɓi lokacin da yara suka tafi makaranta. Ki tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, ki sauya. Ki ɗan durƙusa da ƙafa ɗaya ki miƙe sau 10 kowane ɓangare, kina dafe da bango in ya kama. Ki yi sassarfa a wuri ɗaya na minti 1. Ki yi tsalle da ƙafa ɗaya sau 10, dama da hagu. Abubuwa huɗu kike nema: ɗigar fitsari, jin nauyi ko kamar wani abu zai sauko ta gaba, ciwon mara ko ƙugu, da cikin da ke tasowa kamar kunyar gona a tsakiya, daga cibiya zuwa sama. Wannan na ƙarshe alama ce ta rabuwar tsokar ciki. In babu ko ɗaya, bismilla. In akwai, ki ƙara wata guda kina atisayen matsewa da tattaki, ki kuma nemi sashen fisiyo a babban asibiti.

Maganar ɗigar fitsari tana da nauyi a baki, shi ya sa mata da yawa ke sa audugar mata su yi shiru, wasu kuma su daina shan ruwa kafin fita. Dukansu ba magani ba ne. Abu ne da ke gyaruwa da atisaye, kuma ya bambanta da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda. Ga mai salla ma batu ne na tsarki, don haka gyara shi ya fi ɓoye shi.

Kaya

Abu biyu ne ba a yi musu rowa: kambas da rigar mama. Sauran duk a iya lallaɓawa.

Ƙafar mace kan ƙara faɗi, wani lokaci har tsawo, bayan ciki, don haka ki manta da lambarki ta 'yanmatanci. Ki je sayen kambas da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki tafi da safar da za ki riƙa sawa. Tsakanin yatsarki mafi tsawo da bakin takalmin a sami faɗin babban yatsan hannu. Wanda ya matse shi ke sa farce ya yi baƙi ya cire. Ba laifi ba ne sayen gwanjo a Kasuwar Barci, sai dai ki duba da kyau: ki kifa shi ki ga ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ki ajiye shi a ƙasa ki ga ko ya karkace, ki danna soson tsakiya da yatsa. In ya yi tauri kamar katako ko ya cika tamoji, ya gama aikinsa a ƙafar wata. Sabon kambas kan ɗauki kimanin kilomita 600 zuwa 800 kafin soson ya mutu, na gwanjo kuwa ba ki san nawa aka ci a ciki ba, don haka da gwiwa ta fara ƙorafi ki fara tuhumarsa.

Rigar mama ta wasanni ta zama mai faɗin maɗauri, mai riƙe ƙirji in kika yi tsalle, amma ba mai matsewa har ta toshe hanyar nono ba. Mai shayarwa ta cire ta da zarar ta dawo. Hijabi ya zama mara nauyi, mai kama fuska ba tare da fil ba, tsawonsa kada ya wuce gwiwa, domin dogon hijabi da iska ke kaɗawa yana harɗe ƙafa, yana kuma iya maƙalewa a jikin Keke. Riga mai dogon hannu da wando mai sakin jiki na yadin 'yan ƙwallo sun fi auduga, wadda ke shan gumi ta yi nauyi ta goge fata. Ki shafa basilin ko man kaɗe a tsakanin cinyoyi, ƙasan ƙirji da hammata kafin fita. Launi mai haske, saboda direban asuba ya hango ki.

Goyo da gudu ba sa haɗuwa. Wuyan jariri da ƙwaƙwalwarsa ba sa ɗaukar wannan jijjiga, komai ƙarfin majanyi. Tattaki da goyo, wannan babu laifi.

Ina, kuma yaushe

Lokacin Kaduna shi ne bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, zuwa ƙarfe bakwai da rabi. A watan Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 35, don haka in bakwai ta yi ki riga kin juyo gida. Da damina sanyin safiya na da daɗi amma gumi ba ya bushewa, jiki ya fi saurin yin zafi, ga santsi, ga kwatar da ruwa ya rufe bakinta. In ana walƙiya a fasa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ƙafa ta fi sauƙi, sai dai ƙura. Ranar da hazo ya sauko har ba ki hango ƙarshen layinku, ki mai da ita ranar atisayen cikin ɗaki, musamman in kina da asma. Hunturu na yaudara ta wajen ruwa: gumi na bushewa nan take, ki ɗauka ba ki zubar da komai ba.

Titunan cikin unguwa irin na Malali, Unguwar Rimi ko Barnawa sun fi manyan hanyoyi irin su Ahmadu Bello Way ko Ali Akilu, inda hayaƙi da motocin haya ke farawa da wuri. A Tudun Wada ko Rigasa, inda layi ke cika tun da sassafe, filin makaranta ya fi, in an nemi izinin hukumar makarantar. Zagaye uku na cikakken filin ƙwallo kilomita 1 ne da 'yar ɗoriya. Filin tsere na ƙa'ida kuwa mita 400 ne a layin ciki, zagaye 12 da rabi ke ba da kilomita 5. Ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, kwalta ta fi kankare.

A kan titi ki bi hannun hagu, kina fuskantar motocin da ke zuwa. Kada ki toshe kunnuwa biyu. Waya ta shiga jakar ƙugu a ƙarƙashin riga, ba a hannu ba. In kare ya biyo ku, ku daina gudu ku koma tafiya, kada ku kalle shi ido cikin ido, gudu shi ke zuga shi.

Makonni goma na farko

Sau uku a mako, da kwana guda na hutu a tsakani: misali Talata, Alhamis, Asabar. Kowace fita ta fara da tafiyar minti 5 ta ƙare da ita.

Mako na 1 da na 2: sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau 8. Za ki ji kamar bai isa ba. Ya isa. Huhu da zuciya kan saba cikin 'yan makonni, amma jijiya da ƙashi watanni suke ɗauka, kuma a wannan tazarar ake jin ciwo. Mako na 3 da na 4: minti 2 da minti 2, sau 7. Na 5 da na 6: sassarfa minti 4, tafiya minti 2, sau 5. Na 7 da na 8: minti 8 da minti 2, sau 3. Na 9: minti 14 sau biyu, da tafiyar minti 2 a tsakani. Na 10: minti 25 zuwa 30 a jere. Daga nan kilomita 5 ta kusa, kuma sabuwar mai gudu kan yi ta cikin minti 38 zuwa 45. Ba abin kunya ba ne.

Uwa ba ta da mako irin na takarda. Yaro zai kwana da zazzaɓi, za a yi baƙi, za a yi rasuwa a dangi. In kin rasa fita ɗaya, ki ci gaba daga inda kike. In kin rasa mako guda, ki maimaita makon baya. In biyu ne, ki koma baya da mataki biyu. Ba a rama gudu kamar azumi. Daren da barcinki bai kai awa biyar ba, ki mai da fitar tattaki.

Taku ya zama gajere, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki ba can gaba ba, kafaɗa a sake, hannu kamar kin riƙe ƙwai. In ta bayanki na jin ƙarar takunki fam-fam, kina miƙa ƙafa da yawa. Sau biyu a mako ki ba minti 15 ga ƙarfafa jiki: tashi-zauna daga kujera sau 12, ɗaga ƙugu daga kwance sau 12, ɗage dunduniya a bakin dakali sau 15, kowanne zagaye uku. Wannan ne aikin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wadda ta kai shekara da wadda ta daina a wata na uku.

Abokan gudu

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, to a nan maganar ba ta da wani lanƙwasa. Abin da ke tayar da uwa daga shimfiɗa da ƙarfe shida saura a watan Disamba ba ƙudurin rage tumbi ba ne, sanin cewa Maman Khalifa na tsaye a bakin get cikin sanyi tana jira ne. Ga kuma tsaro, ga bakin mutane: mace ɗaya da ke gudu abin kallo ce, mata biyar kuwa ƙungiya ce, mai shayin bakin layi ma gaishe su zai yi.

A fara daga gida. Maigida ya san hanya, ya san lokacin fita da na dawowa, ya san da wa ake tafiya. Ya fi sauƙin amincewa in an zo masa da tsari: "Baban Amira, kwana uku ne a mako, ni da Anti Ladi da matar Malam, shida saura kwata mu fita, kafin bakwai saura na dawo, kayan makaranta tun dare na haɗa." In Hajiya na gidan, a gaya mata da kanki kafin ta ji a bakin maƙwabta. Sau da yawa wadda aka zata za ta hana ita ce ke cewa a kawo mata jikan.

Mutum uku zuwa shida sun isa farawa. Biyu sun yi kaɗan, domin ranar da ɗaya ta gaza ɗayar ma ta zauna. A tsayar da wurin haɗuwa guda da lokaci guda, kada a riƙa sauyawa. A yi zaure a WhatsApp, amma na aiki: da dare kowa ta ce "ina ciki" ko "ba ni", shi ke nan. Jira minti 5 ne, domin kowa na da tukunya a gida. Zauren da ya koma wurin tallar atamfa da tura bidiyo, cikin wata guda ba wadda za ta ga sanarwar fita.

Doka ta farko ita ce ba a barin kowa a baya. Yadda ake yi a aikace: kowace fita a naɗa mai kora, wato wadda za ta tsaya a ƙarshe tare da mai ƙarancin sauri, kuma a riƙa karɓa-karɓa, har da wadda ta fi kowa gudu. Masu sauri in sun kai kwana sai su juyo su taryi na baya, su sami ƙarin nisansu ba tare da an rabu ba. Ana ƙirga kai a wurin tashi, ana ƙirgawa a wurin sauka. Sabuwa kuwa ranar farko a haɗa ta da mutum ɗaya, ba taro ba, a kuma yi mata tambaya mai buƙatar doguwar amsa. In ta ba da labarin yadda aka yi sunan ɗanta tiryan-tiryan, saurin ya yi daidai. In amsar ta koma "eh… a'a…", a rage, ba sai an ce mata ta gaji ba. Wannan dabara ta fi agogon hannu mai tsada.

Reno ma karɓa-karɓa ne. A ƙungiyar mutum biyar, ranar Asabar ɗaya ta zauna da ƙananan yara a gida guda, mako mai zuwa wata. Ki rasa doguwar fita ɗaya cikin biyar ya fi ki rasa duka. Adashi kuma ya dace da wannan harka kamar an yi shi dominta: zubi duk wata, kwasa ta tafi ga kambas, ko kuɗin rajistar gasa da na mota. A rubuta a littafi, mai riƙon kuɗi daban mai rubutu daban.

Kaduna na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. A ƙungiya ɗaya sai ki sami ta Unguwar Dosa da ta Sabon Tasha, mai zuwa Islamiyya da mai zuwa coci, kuma Asabar da safe ce ranar da ba ta cika cin karo da ibadar kowa ba, shi ya sa doguwar fita ta fi zama a cikinta. Da azumi a sassauta wa masu azumi, a Disamba a sassauta wa masu shirin Kirsimeti. Siyasa a bar ta a gida. Abin da aka faɗa a kan hanya kuma a kan hanya yake tsayawa, domin a kilomita ta takwas mace kan faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa 'yar'uwarta ba, tunda ba a kallon juna, gaba ake kallo. Wadda ta daina fitowa mako biyu, kada a tsaya a kan saƙo, a je gidan. Wani lokaci ciwon gwiwa ne, wani lokaci sabon ciki, wani lokaci kuma damuwar bayan haihuwa ce, wadda ke buƙatar a raka ta asibiti ba a ce mata ta yi haƙuri kawai ba.

Abubuwan da ke kashe ƙungiya sanannu ne: gasar sauri a ranar da ba ta gasa ba, maganar ƙibar wata ko da wasa, da ɗora hoton mutane a intanet ba da izininsu ba. Wannan na ƙarshe ya sha janyo a hana mace fita gaba ɗaya.

Ci, sha, shayarwa, azumi

Fitar da ba ta kai awa guda ba, kofin ruwa da dabino uku ko ayaba ɗaya sun isa. In kin dawo, cikin awa guda ki ci abinci na gaske: koko da ƙosai, kunun gyaɗa da alale, ko fura da nono. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a rana tun kafin a sa gudu a lissafi, don haka ba yanzu ne lokacin rage cin tuwo ba. Wadda ta haɗa shayarwa da gudu da horon yunwa, ƙashinta ne zai biya. Domin jini: hanta, nama, wake, zogale, alayyahu, a bi da lemon zaƙi. Shayi a ba shi tazarar awa guda daga abinci, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Gudu a wannan ma'auni ba ya rage nono. Ki shayar ko ki tatsa kafin fita, ƙirji ya yi sauƙi. In kin dawo yaro ya ƙi kama, yawanci gishirin gumi ne, ki wanke ki sake ba shi.

Don sanin ruwan da kike zubarwa, ki hau sikeli kafin doguwar fita da bayanta. Kowane kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ne, wato ledar ruwa biyu. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, ba kalar shayi ba. Da bazara, bayan fitar da ta wuce awa guda, ki haɗa lita 1 na ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki sha a hankali. Jiri, amai, sanyin jiki cikin zafi, ko magana ta fara ruɗewa: a tsaya, a shiga inuwa, a jiƙa mata jiki. In hankali ya gushe ko ba ta gane mutane, asibiti kai tsaye.

Da azumi a rage nisa da rabi. Ko dai tattaki mara nauyi dab da shan ruwa, ko sassarfa bayan tarawi a wuri mai haske cikin jama'a. Mai azumi tana shayarwa ta ajiye gudu sai bayan salla. Zazzaɓi kuwa, na cizon sauro ko waninsa, ba a gudu da shi, kuma sai kin gama magani ƙarfi ya dawo.

Ciwon da ake bi da wanda ba a bi

Tsamin jiki a ɓangarori biyu da ke sakewa bayan kwana biyu, wannan kuɗin shiga ne. Suka a gefen ciki yawanci daga cin abinci kusa da fita ne ko saurin farawa: ki koma tafiya, ki danna wurin, ki fitar da numfashi a hankali. Ciwon ƙwauri da ya bazu a tsawon ƙashin na nuna an ƙara nisa da sauri ko kambas ya mutu: a rage rabi, a koma kan ƙasa. Amma in wuri ɗaya ne da za ki iya nunawa da yatsa, yana ciwo in kin yi tsalle, har da dare, wannan na iya zama tsagewar ƙashi, a daina a ga likita. Dunduniya mai zafi a takun farko na safe na son miƙa tsokar sha-raɓa, da mirgina kwalbar ruwan sanyi a tafin ƙafa, da daina yawo ba takalmi a kan tayil. Duk ciwon da ya sa ki ɗingishi ya gama gudun ranar.

Daga 5 zuwa 21

Fita biyu na tsakiyar mako su tsaya a minti 30 zuwa 40. Ta Asabar ce ke girma: kilomita 6, 7, 8, sai a sauko 6, sannan 9, 10. Kowane mako na huɗu na saukowa ne, kuma jimillar mako kada ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Ki zauna a kan kilomita 10 na wata biyu kafin ki hango gaba. Rabin famfalaki, kilomita 21 da 'yan mitoci, na son ƙarin mako 12 zuwa 14, doguwar fita ta kai 17 ko 18 saura mako uku gasa, daga nan a riƙa ragewa. Da fita ta wuce minti 75, a ci dabino uku ko huɗu duk rabin awa a kora da ruwa. Daga sassarfar farko zuwa nan, ki ba kanki wata tara zuwa shekara.

Iyaye mata sun yi abin da ya fi haka. Paula Radcliffe 'yar Ingila ta haihu a Janairun 2007 ta lashe famfalakin New York a Nuwamban shekarar, Brigid Kosgei 'yar Kenya kuwa tana da tagwaye ta kafa tarihin duniya a Chicago a 2019 da awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 4. Amma su sana'arsu ce, da likitoci da masu horarwa a gefe, don haka ki ɗauki ƙarfin gwiwa daga gare su, kada ki ɗauki jadawalinsu. A gida, an yi gasar Kaduna Marathon a Nuwamban 2020 da rabin famfalaki da gajerun zanguna, Legas na yin nata cikakken na kilomita 42 a watan Fabrairu, akwai kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo.

Ranar gasa ba a gwada sabon abu: ba sabon kambas, ba sabon hijabi, ba abincin da ciki bai sani ba. Tun dare a maƙala lambar ƙirji da fil huɗu, a rubuta lambar wayar maigida a bayanta. A ci abinci awa biyu zuwa uku kafin tashi, a shayar, a san wa ke riƙe da yaro da inda za a same su. Ku tsaya can baya a wurin tashi. Kiɗa da ihu za su ja ki, kilomita 3 na farko ki yi su a hankali fiye da yadda ƙafa ke so, ki gwada kanki da ma'aunin da kika sani: in ba za ki iya ce wa ta gefenki cikakkiyar jimla ba, ki rage. A teburin ruwa ki koma tafiya ki sha, kada ki shaƙe. Wajen kilomita 16 hira za ta ɗauke da kanta, a nan ake komawa ƙirgen turakun lantarki, biyar gudu ɗaya tafiya in ya kama.

Ku yanke shawara tun kafin ranar ko tare za ku shiga ko kowa da saurinta, don kada a yi ta jin nauyin juna a hanya. In kin tsallake layi kada ki zube, ki yi tafiyar minti 10, ki sha ruwa, ki sauya rigar mama da ta jiƙe kafin ki karɓi yaro, sannan ki koma bakin igiya ki jira ta ƙarshenku. Mako mai zuwa babu gudu sai tattaki, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kuma wadda ta yi reno ranar gasa ita ke da kwasar adashi ta gaba.